Ƙaryar da Na Koya wa Waya

Ni na yi laifi, kuma na san laifi nake yi tun ranar da na fara shi. Ba mantuwa ba ce, ba kuma rashin sani ba. Na tsuguna a bakin fangalin tumatir, a lambuna da ke bayan Ƙofar Durbi, ɗiyar ƙanwata ta tambaye ni abu, na faɗa mata abin da na san ba haka yake ba.

Lambu ce sana'ata, ita na gada. Karatuna bai wuce allo da firamare ba. Ita kuwa yarinyar kwamfuta ta karanta. Sunan mahaifiyarmu aka sa mata, don haka ban taɓa kiran sunanta ba, Uwata nake ce mata. Wata safiya a farkon rani ta zo lambu da takalmin roba, ta ce tana haɗa wata manhaja ta waya. Mai lambu zai ɗauki hoton ganyen da ba shi da lafiya, wayar ta faɗa masa da Hausa abin da ke damun shukar da abin da zai yi.

Na tambaye ta wa ke zaune a can ciki yana duba hotunan. Ta yi dariya har da riƙe baki, ta ce babu kowa. Abin koya masa ake yi. Za a nuna masa hotuna masu yawa, kowane a gaya masa sunan ciwon, har ya fara ganewa da kansa. Wanda ya san ganye take nema.

"Kawu, kai ne malaminta," in ji ta.

Kafin ranar ban taɓa tunanin mutum ne ke yin waɗannan abubuwa ba. Ina da tocila a waya, ina da rediyo, ina da manhajar da nake jin karatun Alƙur'ani da ita in ina ban ruwa, da wadda muke aika saƙon murya. Ina jin daɗinsu, amma ban taɓa tambayar wa ya yi su ba, kamar yadda ban taɓa tambayar wa ya ƙera allura ba. In ma tunanin ya zo, wasu Turawa ko Sinawa nake hangowa a ɗaki mai sanyi. Abu biyu ne ke ɗaure mini kai game da su. Me suke samu da suke ba da abinsu kyauta? Kuma me ya sa da zarar yatsana ya saba da inda zai danna, sai su sauya wurin? Na yanke wa kaina cewa mutane ne da ba su damu da mu ba, abin da ke kanmu kawai suke so su kwashe. Sai ga ɗaya daga cikinsu tsaye a gabana, wadda ni na yanka ragon sunanta.

Ganyen tumatir yana yin rawaya iri biyu. Akwai na yunwa, wanda taki yake nema. Akwai na ruwa, wanda ruwan ya yi wa yawa har saiwa ta fara ruɓewa. Daga tsaye kamanninsu ɗaya. Amma na yunwa a miƙe yake duk da ya koɗe, na ruwa kuwa yana langaɓewa alhali ƙasa a jiƙe take, kuma in ka tura yatsa a gindinsa ka sansana za ka ji tsami. Mahaifina bai gaya mini wannan ba sai da na yi aure. Yana kallo na kashe fangali bayan fangali, sannan wata rana ya kama yatsana ya tura a ƙasa. Da wannan ɗan sani ne mutane ke tako ƙafa su zo wurina, su yi gaisuwa mai tsawo, su ce Malam zo ka duba mini. Ba ni da mota, ba ni da muƙami. Wannan zuwan nake da shi.

Saboda haka na gaya mata gaskiya a kan darɓa, ƙananan ƙwarin nan da ke manne wa ganye, na gaya mata gaskiya a kan tsutsa, don waɗannan kowa ya san su. Da muka zo kan rawaya sai na ce duk yunwa ce, a ƙara taki. Ta rubuta. Kowace safiya ta ɗauki hoto, ta ɗago kai ta dube ni, in ce yunwa, ta rubuta.

Ba zan ɓoye ba, abin ya shiga raina duk da ina yi masa zagon ƙasa. Ranar da ya fara gane darɓa da kansa, sai da na karɓi wayar na juya bayanta ina dubawa. Na nuna masa koriyar hulata don in kama shi, murya ta ce ba ta gane wannan ganye ba, a sake ɗauka. Muka yi ta dariya. Na riƙa yi mata tambayoyi kamar ɗan makaranta: yana gajiya? In an kashe waya yana mantawa? In mutum biyu suka gaya masa magana biyu, ta wa zai ɗauka? Ta ce ta wanda ya fi maimaitawa. A kan rawaya kuwa babu mai maimaitawa sai ni.

Ƙungiyarmu ta masu lambu ta yarda a gwada. Cikin waɗanda suka sa a wayarsu akwai wani dattijo daga Kambarawa, tsohon masinjan ofis da ya kama lambu bayan ya yi ritaya. Filinsa a kwari yake, ruwa na kwanciya. Tumatirinsa ya yi rawaya, ya ɗauki hoto, waya ta ce yunwa ce. Ya zuba taki, ya ƙara ruwa don takin ya narke.

Nan ne laifina na biyu, wanda ya fi na farko muni. Na wuce ta gefen filinsa tun rana ta farko, na ga ganyen ya langaɓe, na san abin da ke faruwa. Na gaishe shi, ya amsa, na tsaya ina jiran ya ce Malam zo ka duba mini. Bai ce ba. Ya nuna mini wayarsa cikin murna, ya ce ai ɗiyarku ta hutar da mu. Na ce Allah ya ba da sa'a, na wuce. Kafin mako ya zagayo tumatirinsa ya mutu, sai kaɗan na kan tudu.

Magana ta bazu a lambu. Aka sa wa Uwata suna likitar ganye, in ta shigo a riƙa tambayarta ko yau akwai allura. Wani ya ce shi albasarsa tari take yi, a rubuta mata magani. Na ji, har na yi murmushi. Shugaban ƙungiya ya ce ranar Asabar bayan la'asar za a zauna a yanke ko za a janye daga gwajin. Na san in aka janye aikin ya mutu, don ta taɓa gaya mini cewa manhajar da babu mai gwada ta ba ta zuwa ko'ina, kuma babu wasu masu lambu da za su karɓi abin da 'yan garinsu suka ƙi.

Ranar Alhamis ta same ni a zaure da kwamfutarta. Ba zargi ya kawo ta ba. Ta ɗauka kuskuren nata ne, so take in taya ta nemo shi. Ta buɗe hotunan rawaya duka, ta ce akwai abin da ya daɗe yana damunta. Tun farko na'urar ta yi ta raba su gida biyu da kanta, wasu hagu wasu dama, ita ce ta riƙa haɗe su.

Na matso na duba. Na hagu duk na yunwa ne. Na dama duk na ruwa ne, in ban da 'yan kaɗan. Na sake bi ɗaya bayan ɗaya. Abin da mahaifina ya riƙe har sai da na yi aure, wannan abu da bai taɓa sa yatsa a ƙasa ba ya hango shi. Mamaki ya rufe mini tsoro na ɗan lokaci, na tambaye ta yaya aka yi ya sani. Ta ce bai san komai ba, bai san ruwa ba bai san taki ba, ya dai lura waɗannan suna kallon ƙasa, waɗancan ba sa yi.

"To mi ya sa kika haɗe su?"

"Kai ka ce duk yunwa ce, Kawu. Na fi yarda da kai a kanta."

Na ce mata zan yi tunani. Ta rufe kwamfutar, ta shiga cikin gida gaishe da iyalina, ina jin tana yi musu dariya.

Har yau ban fahimci yadda abin nan ke gani ba, kuma har yau ina da ƙorafi a kan masu yin manhaja. Suna ɗauka komai yana shiga hoto, alhali tsamin ƙasa ba ya shiga. Suna da saurin sauya abin da hannu ya saba da shi. Amma zaton da nake yi cewa wayo ya yi musu yawa, a kan wadda na sani dai bai tabbata ba. Yarda ce ta yi mata yawa. Duk abin da ta gina, a kan maganar wani ta gina shi, kuma ba ta da hanyar shiga zuciyarsa ta duba. Yanzu in wata manhaja ta gaya mini shirme, kafin in zagi wanda ya yi ta sai in tambayi kaina wa ya koya mata, kuma me ya ɓoye.

Ranar Asabar muka taru a ƙarƙashin darbejiyar bakin lambu. Uwata tana zaune can gefe a kan benci, dattijon Kambarawa yana kusa da shugaba. Aka yi addu'a, shugaba ya fara bayani, ya ce da alama ra'ayi ya zo ɗaya a kan a janye. Na ɗaga hannu. Ya ɗauka goyon baya zan yi, ya ce ga ma kawunta zai yi magana. Na miƙe. Na faɗi bambancin rawayar nan biyu a gaban kowa, har da yatsa da sansanawa. Na faɗi yadda na ce mata duk yunwa ce, da yadda na tsaya a gefen filin dattijon na gani na wuce. Sai na juya wajensa, sannan wajenta.

"Alhaji, ba waya ta kashe maka tumatir ba, ni ne. Ina gani na yi shiru don ba ka tambaye ni ba. Irin da zan dasa bana naka ne, kuma ni zan dasa maka. Uwata, kin ce ni ne malamin manhajar, na koya mata ƙarya ina sane, na bari aka yi miki dariya ina tsaye. Ba ni da hujja. Don Allah ku yafe mini."