Kibiyar Wuta a Kasuwar Murshid

Har ƙasa ta rufe idona, abin da na gani a Dubai ba zai fita raina ba.

Ɗana na fari, mai sayen yadi yana turawa Kano, shi ya kai ni a cire mini yanar ido. Da na ji za a sa wuƙa, na ce a'a, abin da na gani a duniya ya ishe ni. Ya yi lallashi har ya gaji.

Wata rana bayan La'asar muka zauna a shagon wani tsoho Ba'indiye a Kasuwar Murshid. Na hangi wani abu ja a bango, kamar an shanya barkono. Na tambaya. Tsohon yana faɗa, ɗana yana fassarawa: hoton yaƙi ne, masu jajayen kayan sojojin Ingila ne, ranar da sarkin ƙasar tsohon ya ci su, tun zamanin kakannin kakanni.

Na ce, "Kai, gaya masa ya ji tsoron Allah. Nasara ake ci da yaƙi?" Mu da muka tashi da labarin yadda igwarsu ta fasa ganuwar Kano. Kakana har ya rasu, in aka yi tsawa sai ya dafe ƙasa.

Tsohon bai yi musu ba. Ya buɗe akwati, ya ɗora mini guntun bututun ƙarfe a tafin hannu, mai sanyi, duk tsatsa. Wai albarushi ake ɗurawa ciki, a ɗaure a gora, a kunna, ya tashi sama yana kuka. Guda ya faɗa kan keken harsashin Turawa. Kakan kakansa yana wurin.

Ɗana ya ce, "Inna, wai ga wutar can a kusurwar hoton, ki duba."

Na duba. Barkono dai nake gani.

"Gobe ka kai ni wajen mai wuƙar."

"Ni na yi ta roƙo a banza, Ba'indiye ya gama da ke shayi bai huce ba."

Da aka kwance mini ido, ban nemi ganin dogon benen nan na Dubai ba, shagon na ce a mayar da ni. Ga giwaye, ga hayaƙi, ga Turawa cunkushe a tsakiya. Wani hularsa ta faɗi, bakinsa a buɗe. Tsoron da ke fuskarsa na san shi, na kakana ne. Na daɗe a tsaye ina kallonsa.

Tsohon ya ce daga baya Turawan sun dawo sun ci ƙasar. Na ce mu ma haka. Amma tun ranar na san ba a halicci wanda ba ya jin tsoro ba, kuma mai sauran numfashi kada ya ce ya gama gani.