Wanda Ke Bin Baba Bashi

Wahala muka sha kafin gidan nan na Jimeta ya zama namu, kuma ba zan yi wa abin ado ba. Yau mutane in sun wuce ta ƙofar sai su ce Allah Ya ji ƙan Malam Bello, ya bar wa 'ya'yansa gida. Amin nake cewa. Amma ni na san da me aka biya shi.

Abin da ya ƙi fita a raina shi ne jajibirin babbar Sallah, shekarar da nake aji biyar a firamare. Muna da wani rago fari mai baƙin wuya, ni na yi kiwonsa tun yana ƙarami. Ni nake yanko masa ciyawa in an tashi makaranta, ni nake jiƙa masa dusa da kanwa, har wanka nake yi masa da guntun sabulun da na sato a bayan ɗaki. A ranar nan, mahaifiyarmu, da muke kira Dada, ta riga ta daka yaji, ta wanke babbar tukunya ta kife a tsakar gida, ni kuma na gama cika wa yaran layinmu baki cewa bana a gidanmu za su ga nama. Bayan la'asar sai ga Baba ya shigo da wani Alhaji daga cikin Yola. Mutumin ya danna gadon bayan ragon, ya buɗe bakinsa ya duba haƙora, suka koma gefe suka yi magana ƙasa-ƙasa. Ina tsaye ina kallo Baba ya kwance igiyar ya miƙa masa. Dada ta fito daga madafa da hayaƙi a ido ta ce, "Malam, gobe fa Sallah." Bai ko dube ta ba. Ya ce, "Na sani. Wannan na gida ne." Washegari naman da maƙwabta suka aiko shi muka ci, ni kuwa ban leƙa waje ba sai da rana ta faɗi, don na san abin da yara za su yi mini.

Baba masinja ne a wata ma'aikatar gwamnati a Yola, kullum a kan keke yake tafiya ya dawo. A lokacin aka gina wasu ƙananan gidaje, ɗaki biyu da falo, aka ba ma'aikata a kan bashi, za a riƙa cira a albashi duk wata har shekara ashirin, ga kuɗin ruwa a kai. Sauran abokan aikinsa suka karɓa suka kwanta, abin da aka cire an cire, abin da ya rage su ci da iyali. Baba ma da farko haka ya yi, har sai da abokinsa Malam Jika ya rasu. Shi ma masinja ne, shi ma yana cikin irin gidan. Kun san al'adarmu, kafin a sallaci gawa Modibbo, wato liman, yakan tsaya ya tambayi jama'a ko akwai mai bin mamacin bashi. Ranar da aka yi tambayar, wani daga ofis ya sunkuyar da kai ya ce akwai sauran kuɗin gida, kuma da yawa. Gawa tana kwance a rana, manya sun koma gefe suna shawara, har sai da ƙanin mamacin, wanda ko keke ba shi da shi, ya ce ya ɗauka a kansa don dai a yi salla. Bai iya biya ba. Kafin shekara ta zagayo matar ta kwashe yara ta koma wurin danginta a Girei, aka ba wani gidan. Tun daga ranar Baba ya canza. Abin da yake yawan faɗa shi ne, "Ni ba za a ajiye gawata a rana ana lissafi ba."

To daga nan komai ya zama na gida. Bayan abin da ake cira a albashi, duk kuɗin da ya shigo hannunsa sai ya kai ofishin gidajen ya ce a rage masa a cikin uwar kuɗin, don an gaya masa in uwar ta ragu ruwan ma yana raguwa. In ya ɗauki adashe, na gida ne. Dada tana tuyar ƙuli-ƙuli tana matse man gyaɗa, ribar na gida ne. Bappanmu, ɗan'uwan Baba, ya ara masa gona a Namtari, duk Asabar da Lahadi a can muke wuni, da hutu kuma a can muke kwana a wata bukka da ke yoyo. Mu yi shuka, mu yi noman fari, mu yi maimai, hannuna duk kanta tun ban kai komai ba. In shinkafar fadama ta fara nuna, aikina ke nan in tsaya da gwangwani da tsakuwa ina korar tsuntsaye har muryata ta dishe. Da kaka buhunan masu kyau su tafi kasuwa, mu a bar mana na ƙasan masussuka, mai tsakuwa, wanda Dada take wuni tana tsincewa a faifai. Bayan ragon nan kuma sai ya koma turke bijimi. Wannan shi ya ƙarasa ni, don bijimi ba rago ba ne. Harawa, dusa, ruwa bokiti-bokiti daga famfon bakin layi, kwashe kashi da safe kafin in tafi makaranta. Sau da yawa ina isa an riga an buga tsohon wilin motar da ke rataye a bishiya a matsayin ƙararrawa, in sha bulala, in shiga aji ina warin turke, yara suna toshe hanci.

Kuɗin tara kuwa ban san shi ba. In an fita, masu shi su kewaye mai ƙosai, ni in tafi bayan aji in yi kamar ina neman wani abu. Wandon makarantata facinsa ya fi asalin yadin yawa. Da yamma ina jin ihun yara suna buga ƙwallon tsumma a fili ko suna langa, ni ina wucewa da lauje da buhu a kafaɗa. Ba zan ce babu daɗi ko kaɗan ba. Akwai ranakun da muke gasa ɗanyar masara a bakin gona, Baba ya zauna ya miƙe ƙafa, ya ɓare mini tawa da hannunsa saboda zafi. Akwai ranar da ya gyara mini tsohon wilin kekensa ya ba ni in riƙa gare da shi. Mutum ne mai tausayi, sai dai tsoro ya fi tausayin ƙarfi.

Duk wannan da na yafe tuntuni. Abin da ya tsaya mini shi ne makaranta. Na gama firamare, na ci jarrabawa, sunana ya fito a sakandare. Ba wai ina da wani kai na musamman ba, amma ina son lissafi, kuma ina son in sa farin wando irin na manyan ɗalibai. Hedimastanmu da kansa ya zo gida, ya zauna a tabarma a ƙarƙashin dalbejiyar ƙofarmu, ya ce wa Baba kuɗin ba su taka kara sun karya ba, littattafai ne da yunifom da ɗan abin da ba a rasa ba. Baba ya saurare shi har ƙarshe, ya gode masa, ya ce, "Malam, saura kaɗan. Bari a rage na gida, baɗi zai shiga." Dada tana jin su daga bayan ƙyaure. Aka kai ni tasha aka haɗa ni da wani direba ina yi masa yaron mota, wai kafin baɗi. Abin da nake samowa shi ma ya bi hanyar 'yan'uwansa. Baɗi ta zo, Baba ya ce bijimin bana bai yi kuɗi ba. Wata baɗin ta sake zuwa, ya ce yanzu kam saura ƙiris. Ranar da ya gama biya, a shekara ta goma sha ɗaya maimakon ashirin, ina da gashin baki, na iya tuƙi, kuma ko an ce in tafi ba zan iya zama a benci da yara ba. Ya dawo da takardar a cikin aljihun gaba, ya yanka rago ba Sallah ba suna, ya dafa bangon falo ya daɗe a tsaye. Ƙannena duka sun yi makaranta bayan nan, ɗaya ma har jami'a. Ni ne aka biya gidan da ni.

Gaskiya kuma sai an faɗe ta ko ba ta yi mini daɗi ba. Lokacin rikicin nan, da mutanen Mubi suka gudo Yola, dangin Dada sun iso mana da ƙafafu a kumbure, wasu ko takalmi babu. Baba ya riga ya yi ritaya, fansho sai ya yi watanni bai zo ba. Mata suka cika ɗakuna da falo, maza suka shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin dalbejiya. Masu zaman haya a unguwarmu sun sha magana daga masu gidaje, wai jama'a sun yi yawa, wai masai zai cika, wasu har sai da suka sallami baƙinsu suna kuka. Mu babu wanda ya isa ya ƙwanƙwasa mana ƙofa. Wata rana na kawo musu buhun masara, Baba yana zaune a kujerarsa, jiki ya riga ya tafi. Ya nuna mini tsakar gidan da haɓa, cike da yara, ya ce, "Ka gani?" Na ce, "Na gani, Baba." Ban yi ƙarya ba. Shi ma kuma bai tambaye ni abin da ya rage a cikina ba.

Baƙin ba su gama komawa ba Baba ya rasu. Aka fito da shi ƙofar gida bayan azahar, jama'a har bakin titi. Modibbo ya gyara tsayuwa ya ce ko akwai mai bin Malam Bello bashi. Shiru. Ya sake tambaya. Shiru. Abin da Baba ya kashe rayuwarsa a kai ke nan, wannan ɗan shirun, kuma ya samu. Ni ina sahun gaba, kuma a duk taron nan ni kaɗai na san akwai mai bi. To in ce nawa? Wa zai biya? Modibbo ya juyo ya dube ni a matsayina na babban ɗa, sai na faɗi abin da babban ɗa yake faɗa, na ce duk wanda ya tuna daga baya ya same ni. Aka yi kabbara.

Yanzu ni direba ne a wani ofis. In an ba ni takarda mai Turanci sai na kawo gida 'yata Nana ta karanta mini. Gidan Jimeta ƙannena ne a ciki, ni kuma na karɓi nawa ta ƙungiyar ma'aikata, can kan hanyar Girei, ana cira a albashi duk wata. Na rantse ba zan yi irin na Baba ba. Amma shekaru suna tafiya, hawan jini ya kama ni, kuma duk jana'izar da na je, in Modibbo ya yi tambayar nan sai gabana ya faɗi. Ban san lokacin da na fara kai ƙari ba. Ban san lokacin da na kafa turke a bayan gida ba. Bijimin bana ya yi kyau ƙwarai, na riga na lissafa yadda kuɗinsa zai sare mini bashin.

Kwanan baya, bayan la'asar, ina zuba masa harawa sai ga Nana da takarda a hannu tana murmushi. An ba ta gurbi a makarantar koyon aikin jinya, kuma in ba a biya ba cikin makon za a ba wata. Ta faɗi kuɗin. Na dubi bijimin, na dube ta. Wallahi ban shirya maganar ba, ita ta fito da kanta. Na ce, "Nana, ki yi haƙuri a rage na gida, baɗi in Allah Ya kai mu sai ki shiga."

Dada tana wurina yanzu, ta tsufa, ido ya yi rauni, tana zaune a tabarma a bakin ɗakinta tana jan carbi. Ni ɗan fari ne, ba ta taɓa kiran sunana ba, kuma ba ta cika yi mini magana kai tsaye ba. Sai ta juya wajen bango kamar da shi take, ta ce, "Ikon Allah. Muryar Malam nake ji a gidan nan, shi kuwa ya daɗe a ƙasa." Ta ja carbinta kaɗan, ta ƙara da cewa, "Waccan baɗin ma har yau ina jiran ta." Nana ba ta gane ba, ta naɗe takardarta ta shige ɗaki. Ni na gane.

Na zauna a kan bokiti har aka kira magariba. A zamanin Baba, masinja yana iya turke bijimi ya biya gida. Yanzu buhun dusa kaɗai sai ka yi tunani, albashi kuwa kafin tsakiyar wata ya ƙare. In na sayar don makaranta, bashin nan zai bi ni har inda ƙarfina ya tsaya, wataƙila ya wuce. Mai yiwuwa ranar tawa wani ya sunkuyar da kai ya ce akwai saura, a bar ni a rana ana shawara. Ina jin tsoron wannan, ba zan ɓoye ba. Amma na taɓa tsayawa a sahun gaba da magana a maƙogwaro, kuma ba na son Nana ta tsaya a wurin.

Washegari da na dawo daga sallar asuba na kwance bijimin, na kira mai a-kori-kura ya kai mu kasuwar shanu. Na ce wa Nana ta sa hijabinta ta ɗauko takardar ta biyo ni, don in mun je banki biyan kuɗin makarantar ita za ta cike, ni ban iya ba.