Jimrau, mai auna ampili da hannu

Kowace safiya Jimrau yakan buɗe rumfarsa ta bakin kasuwar Dakoro, ya share teburi, ya jera tsofaffin rediyo, ya zauna. Shekara talatin da ɗoriya ke nan. Yanzu sai rana ta take ba wanda ya leƙo, kowa na da waƙarsa cikin salula. Ga kunnensa ya soma mutuwa. Ya ce kaka na yi zai rufe.

Ni da ke wannan magana ban taɓa zama lakwal na yi boko ba, amma na tsallake yunwa biyu da ƙafata, kuma ba dillalin da ya taɓa sayar mini da raƙumi gurgu. Mutum ɗaya ya taɓa kayar da ni a ciniki, shi ne Jimrau.

Shekarar da matata Uwale ta rasu, gidana ya yi shirun da har tafiyar ƙadangare nake ji. Ɗana Kamilu ya kira daga Arlit, ya ce in nemi ampili, na'urar ƙara sauti, mai bafil biyar, wato lasifika, in haɗa da tele, ko gidan ya yi motsi. Na sa aka kawo guda biyu rumfar Jimrau. Kwalin ɗaya, an karanta mini, ya ce ƙarfinsa wat dubu biyar. Ɗayan ɗari da hamsin kacal. Na dafa babban.

Jimrau bai dubi kwali ba. Ya ɗaga wannan, ya ɗaga wancan, kamar mai sayen rago. Ya juya bayansu yana duba wutar da kowane ke ci.

"Baba, naka iska ne cikinsa. Wat sittin yake ci, ina zai samo dubu biyar? Akuyar da ta ci dusa tafi guda ba ta ba da nonon raƙuma."

"Kai yaro, ni za ka koya wa zaɓe?"

Ɗangoggo mai shayi ya ce, "Bar shi, Jimrau, tsoho lamba zai saurara!"

Jimrau ya haɗa su ɗaya bayan ɗaya. Babban ana ƙara masa murya ya kama kakari. Ƙaramin mai nauyi kuwa, talatin-talatin ga kowace bafil, magana tangaran. Na ce dama shi nake nufi. Bai ƙaryata ni ba.

Shi ya zo gida ya ɗaura bafil ɗin. Ta baya guda ya rasa mata wuri, sai ya ajiye ta inda tabarmar Uwale take. Ranar, wata mata a fim ta yi gyaran murya ta bayana, na waiwaya. Jimrau ya gani, ya sunkuya yana naɗe waya.

Kai ne, Jimrau, ma'aunin da ba ya sata. Kai ne ka san ba ƙara nake nema ba. Na gode, Allah ya saka. Masu sana'ar yau, ku koyi ɗaga kaya kafin ku yarda da kwali.

Jiya na tarar da shi zaune shi kaɗai, na ja shi gida, na kunna ampilin. Ya karkata kai, bai ji ba. Sai ya ɗora tafinsa kan babbar bafil, ya daɗe yana jin motsinta a hannu.

"Tana nan lafiya, Baba."

Na ce to, gobe ma ka zo ka duba ta.