Tiyon Durom Ɗin Kaka

Ranar Laraba ta ƙarshe a watan Sha'aban, shekarar da nake aji huɗu, na dawo daga makaranta na tarar da kakata zaune a ƙasa a tsakar gidanmu na unguwar Khumra a Jidda, hannunta na dama a jiƙe, akwatin lemon da take takawa ya kife a gefe. Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma kira kowa ba. Ta dube ni ta ce, "Takwara, ɗaga ni kafin ubanki ya shigo." Ban iya ɗaga ta ba, kuma Baba ya shigo.

Kaka mahaifiyar Baba ce. Ta zo aikin hajji tun kafin a haife shi, ta zauna, ta koyi haɗa sobiya a wajen wata maƙwabciyarta a unguwar Bagdadiyya. Sobiya abin sha ne na sha'ir da ake jiƙawa, a tace, a sa sukari da kirfa, a bar shi ya ɗan tashi kaɗan, sannan a ƙara masa ruwan sanyi. Ita takan ƙara citta da kanumfari, don ta ce ta Larabawa ba ta da armashi. Ba sayarwa take yi ba. Kowace yamma a watan azumi ana kai wa masallacin layinmu da ɗakunan leburorin da ke kwana bayan rumbunan ajiya, mutanen da ba su da mai dafa musu ko ruwan zafi. A unguwar ba wanda ya san sunanta na yanka. Hajiya Mai Sobiya ake ce mata, kuma na tabbata sunan ya fi mata komai da ta mallaka a Jidda.

A randa take haɗawa shekara da shekaru, har randar ta tsage. Baba, wanda yake aikin walda da famfo a wata warsha, wato shagon gyare-gyare, ya kawo mata shuɗin durom na roba, wanda ya kai mata kafaɗa, ba a kuma ganin cikinsa. Ma'auninta ɗaya ne tak. Takan hau akwati, ta ɗora gwiwar hannunta a bakin durom, ta saki hannun ciki, a yi ta zuba ruwa. Da zarar sanyi ya taɓa kan ɗan yatsanta na tsakiya sai ta ce, "Halas," wato ya isa. Idonta ya riga ya dushe a lokacin, amma hannun bai taɓa yi mata ƙarya ba.

A ranar da ta faɗi, Baba ya duba ƙugunta da ya kumbura, sannan ya ce, "Inna, an gama hawa akwati. Ki bar wa Hadiza, ke ki zauna ki riƙa faɗa mata." Hadiza mahaifiyata ce, kuma ita kanta ba ta so a ɗora mata. Kaka ta ce, "Hannun Hadiza ya fi nawa tsawo da yatsa biyu. Ka so mutane su ce na tsufa na fara rowar ruwa?" Ta juya fuskarta bango. Kwana biyu ba ta fito tsakar gida ba, ba ta ce a jiƙa sha'ir ba, ga azumi saura kwana uku.

Ranar Juma'a bayan sallah Baba ya fito da durom ɗin rana. Ya huda shi kusa da gindi, ya ɗaura masa ɗan ƙarfen famfo mai lanƙwasa, ya naɗe zaren da farin tef don kada ya yi yoyo. Sai ya cusa masa siririn tiyo mai haske, irin wanda ake ganin abin da ke cikinsa, ya miƙar da shi tsaye a jikin durom har ya wuce baki, ya ɗaɗɗaure. Ya zuba bokiti biyu, muka ga ruwa ya hau cikin tiyon ya tsaya daidai inda na cikin durom ya tsaya. Ni da ƙannena muka bar wasan gala-gala da muka zana da gawayi, muka yi ta jijjiga durom muna kallon ruwan yana rawa. A murfin ma ya yi huda ya sa mazurari, yadda ba sai an buɗe ba, ba sai an hau komai ba.

Ya ɗauko alƙalami zai rubuta lambobin lita, Kaka ta ce daga ƙofar ɗaki, "Wa zai karanta? Ni?" Ta dogara sanda ta zo, ta jingina gwiwar hannunta da bakin durom ta waje, Baba yana tallafe da ita, ta saki hannun ƙasa. Inda yatsanta ya tsaya, nan ta sa ya ɗaura jan zare a jikin tiyon. Ruwan ma ba gani za ta yi ba, amma ta gano abin da shi bai yi tunani ba. Ruwan ƙanƙara idan ya hau tiyo a zafin Jidda, tiyon yakan yi sanyi har ya yi gumi daidai iyakar ruwan. Ta riƙe zaren da yatsu biyu, aka zuba, sanyi ya iso, ta ce, "Halas." A daren ta sa aka jiƙa sha'ir.

Ni na ɓata abin. Aikina a gidan shi ne wanke ƙoƙuna da korar ƙuda, domin Kaka ba ta ƙaunar ƙuda ko kaɗan. Ko murfin tukunya aka bari a karkace sai ta yi faɗa. Ranar ɗaya ga azumi da hantsi, durom yana nan a wanke a bushe, na ga bakin tiyon a buɗe yana kallon sama, ƙuda ɗaya yana zagaya shi. Na ciro cingam ɗin da na liƙa a jikin gado tun daren jiya, na hau akwati, na toshe bakin tam. Na sauko ina jin na yi abin kirki, ban kuma gaya wa kowa ba, ina jiran a gani a yaba.

Bayan la'asar aka juye tatacciyar sobiya ta mazurari. Mama ta riƙa ɗaga jarkar ruwan sanyi tana zubawa, Kaka tana zaune a kan tabarma, yatsunta a kan zare. Jarka ɗaya, biyu, uku. Mama ta ce, "Inna, anya?" Kaka ta ce, "Zuba. Bai zo ba." Iskar da na kulle a cikin tiyon ta hana ruwan hawa, ya tsaya can ƙasa kusa da gindi. Aka yi ta zubawa har ruwa ya tumbatso ta murfi ya jiƙa tabarmar. Kaka ta ɗanɗana da kan harshe ta tofar, saboda azumi. Lokaci ya ƙure, ba damar sake wata. Haka aka ɗebi kaɗan aka kai wa mutane ruwa mai ƙamshin kirfa, aka bar durom kusan a cike, wani lebura ɗan Maradi ya aiko da gaisuwa yana tambaya ko Hajiya ba ta da lafiya ne.

Bayan shan ruwa Kaka ta ce wa Baba, "Ko tiyonka maƙaryaci ne, ko yatsuna sun mutu. Idan yatsun ne, ka yi gaskiya tun farko. A ba Hadiza." Ba ta faɗa da fushi ba, abin da ya tsorata ni ke nan. Baba ya tashi zai duba, na riga shi magana. Na ce ni ce, saboda ƙuda. Ya miƙa hannu ya ɓamɓare cingam ɗin, tiyon ya yi ɗan huci, sobiya ta haura ta wuce zaren har sama. Na runtse ido ina jiran mari. Sai na ji Kaka tana dariya har da riƙe ƙugun da ke ciwo. "Ke da ƙuda, Allah ya raba ku lafiya," in ji ta. "Yalla, kawo min tsohon mayafina." Ta yago ɗan ƙyalle mai shara-shara, ta sa na ɗaura shi a bakin tiyon, iska tana wucewa, ƙuda ba ya shiga. Daga ranar ta ɗora min wanke tiyon kullum da ruwan zafi da auduga a kan waya, don ragowar da ta kwana a ciki takan yi tsami ta lalata sabuwa, ita kuwa ba ta yarda sobiyarta ta wuce iyakar da shari'a ta yarda ba.

Azumi huɗu ta ƙara yi tana haɗawa da kanta, a zaune, ba ta sake taka akwati ba, ba wanda kuma ya sake aiko da tambaya.

Yanzu ina zaune a hawa na uku a unguwar Aziziyya. Gidan Khumra an rushe shi an yi rumbun tayoyi, leburorin wasu sun koma gida da ƙafarsu, wasu an mayar da su. A shaguna akwai tukwanen ƙarfe masu gilashi a gefe, da lambobi a jere, nakan tsaya in duba su in wuce. Ina haɗa sobiya duk azumi, da citta da kanumfari, a jug ɗaya da ke shiga firji, ta ishe mu mu huɗu har ta yi saura. Ba ta kai yawan da za a auna ba.