Garin Kakata a Kan Dutse

Shekarar da aka kawo wutar lantarki unguwarmu, a ita ce kakata ta tafi da ni garinsu. Ƙanshin ɗanyar citta ne ya dawo mini da tafiyar, a wani shago a unguwar Levenshulme, nan ƙasar Turawa, ina kan hanyar zuwa ajin yaƙi da jahilci.

Mota ta yi ta hawa da mu har kunnuwana suka toshe. Ko'ina kore shar, gajimare na yawo a ƙasanmu. Na ga mata da kwanduna a baya suna tsinkar ganye a jikin tudu. Da aka ce mini shayi ne, sai na ƙi yarda, don ni a kwali na san shi.

Muna sauka wani tsoho ya fito daga lambun citta, yayan kakata ne. Sai na ji kakata ta ɓarke da wani yare da ban taɓa ji a bakinta ba, tana dariya har da hawaye. Matar da a gida ba ta cika magana ba! Tsohon ya lulluɓa mini bargo, ya miƙo shayi mai yaji da ya ƙone mini harshe.

"Mijin naki rago ne," in ji shi da Hausarsa mai karkata.

"Bar mini shi, Yaya. Shi zai riƙe mana zumunci."

Da za mu dawo ta sa ni gefen taga. "Maigida, buɗe ido ka riƙe hanya. Ni ba na jin zan sake hawowa." Na buɗe ido, amma duwatsun duk kama ɗaya suke, allunan bakin titi kuwa ban iya karanta su ba.

A gida Kan Dutse kawai muke ce wa garin. Kullum ina cewa sai baɗi zan koma, har na zo ƙasar nan. Bara 'yata ta buɗe taswira a waya ta ce, "Baba, nuna mini." Na bi sunayen a hankali, yanzu da nake iya haɗa baƙi. Ban gane ko ɗaya ba. Na kira gwaggona da ke unguwar Handsworth, ta ce ita ma ba ta taɓa tambaya ba.

Kakata ta rasu, yayanta ma haka. Yarenta babu mai jin sa a cikinmu. Akwai gida guda na danginmu a can, ba su san mu ba, mu ma ba mu san ƙofarsu ba.