Bukar Jiniya da Azumin Inna

Ina ɗaure buhun taki a bayan babur da safen nan waya ta shigo, wai Bukar Jiniya ya rasu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. A kan buhun na zauna, na daɗe ban tashi ba.

Ga waɗanda ba su san shi ba, Bukar ne ya kafa jiniyar gargaɗin ambaliya a ƙauyenmu na bakin kogin Haɗeja, da wasu ƙauyukan har wajen Kafin Hausa. Ajinmu ɗaya a firamare. Shi ya bi aikin lantarki, ni na tsaya gonar shinkafa.

Na ɗauko waya don in rubuta abin kuka, amma duk abin da na tuno game da mutumin nan sai in ji ina murmushi. Ku yi haƙuri da ni.

Ranar da aka kafa jiniyar ba za ta fita raina ba. Da rani ne, cikin watan azumi. Tun kafin nan ya zo ya duba bangon masallaci inda ruwan bara ya bar shaida, ya sa aka zuba dakalin siminti da ya wuce wurin tsawo. Da mota ta kawo doguwar falwayar ƙarfe, gari ya fashe. Masunta suka kawo igiyoyinsu, maza suka kama, da bakin azumi muna ja muna kabbara har ta miƙe tsaye.

Bukar ya ɗaura bel ya hau. Ya ɗaure lasifika huɗu a ƙoli, kowacce ta kalli kusurwarta, ya sa faifan sola, ya rataye akwatin batir inda ruwa ba zai kai ba. Ya sauko da wata waya ya binne ta a ƙasa saboda tsawa. Ya ce ana iya kunna ta daga ofis a Haɗeja ta waya, ana kuma iya danna maɓallin da ke cikin akwatin, ya damƙa makullin a hannun Bulama, mai unguwarmu.

Ba a gama ba sai da rana ta yi sanyi. Jama'a suka matsa masa, a gwada, a gwada. Shi ma daɗi ya ɗebe shi, ya danna.

Jama'a, ban taɓa jin ƙara irin wannan ba. Tantabaru suka tashi, jakuna suka ɗauki kuka, mu kuwa muna ta tafi kamar mun ci kofi.

Abin da muka manta shi ne lasifikar masallacinmu ta daɗe da mutuwa, kuma tun safe labari ya zaga cikin gidaje cewa an kawo sabuwar da za ta riƙa sanar da shan ruwa. Matan da ke tsakar gida ba sa ganin faɗuwar rana, sauti suke jira. Suna jin ƙara suka yi bismillah suka kai kofi baki. Rabin matan gari sun sha ruwa rana ba ta faɗi ba, har da Inna, mahaifiyata.

Wanda ya san Inna ya san an taɓo babba. Ta ce, "Tunda nake ban taɓa karya azumi ba, sai ƙarfen Bukar ne zai karya min? Ko zai yi kuka har ya tsage, ba zan ƙara sauraren sa ba."

Aka sa wa jiniyar suna Ladanin Bukar. Ni kam na yi dariya har cikina ya ƙulle, na yi ta zolayar sa. Shi bai yi ba. Ya ce min, "Mutumina, ka san abin da nake tsoro? Ranar da za ta yi kukan gaske, su ce wasa ne."

Washegari ya dawo ya gyara lasifikar masallaci, ba wanda ya sa shi.

Liman ya ce waɗanda suka sha ruwa su rama bayan salla. Sai ga Bukar a gidanmu, ya durƙusa a ƙofar ɗakin Inna.

"Inna, wace rana za ki rama?"

"Ina ruwanka?"

"Ni na danna. Tare za mu yi."

Shi fa nasa azumin bai karye ba. Amma ranar ya wuni da baki a bushe cikin zafin nan na bazara, da yamma ya iso da ƙanƙara da dabino da soyayyen kifi. Inna ba ta kalle shi ba, sai dai ta tura masa kofin kunun tsamiya. A nan ya yi mata bayani a hankali. Gajeren kuka bayan sallar Juma'a gwaji ne. Dogo mai hawa da sauka kuwa ruwa ne, a bar komai a hau tudun makaranta. Ta ce, "Na ji. Ban ce na yarda ba."

Damina ta yi nisa, ran nan ina Haɗeja wajen mai gyaran injin ban ruwa. Rana tsaka, sama tas, ko hadari babu. Ku da kuke bakin kogin nan kun sani, ruwan da ke cin mu daga can saman kogi yake gangarowa, ba ya jiran a yi ruwa a garinmu. Bukar ya kira ni: "Jingar kogi ta ɓalle can sama da ku, na kunna jiniya. Ina Inna?"

Inna tana fadama tana cirar ciyawa a gonarta, can bayan jingar, kuma ba ta riƙe waya.

Ban san yadda na tuƙa babur ɗin nan ba. Tun daga nesa na jiyo jiniya tana hawa tana sauka. Hanya cike da mutane, wasu da awaki, wasu da buhuna a amalanke, makiyaya na kora shanu. Ina dubawa fuska fuska, babu ita.

Na hau tudun makaranta. Ga Inna zaune a gindin darbejiya, takalmi ƙafa ɗaya, tana yi wa wata mata faɗa saboda ta koma ɗaukar tukunya.

Na ce, "Inna, kin fito?"

Ta ce, "Mutumin da ya wuni da ƙishirwa saboda ni ba zai yi min ƙarya ba."

Kafin la'asar ruwa ya shanye gonarta, ko kan shinkafa ba a gani. Amfanin gona ya tafi, amma ba mu rasa rai ko ɗaya ba. Na kira Bukar ina ihu a waya, shi kuwa sai alhamdu lillahi yake ta maimaitawa.

Makon jiya muka haɗu a kasuwar kifi. Ya rame kaɗan, ya ce zazzaɓi ne. Ya riƙe hannuna ya ce, "Ka sa a goge kashin tsuntsaye a kan solar nan, damina ta kusa. Ka ce wa Inna ladaninta yana gaishe ta." Ashe sallama ce.

Ɗazu na shiga na gaya wa Inna. Ta goge ido da gefen mayafi, sannan ta ce, "Wa zai danna ranar Juma'a?" Na ce Bulama. Ta ce, "To ka shimfiɗa min tabarma a ƙofar gida. Ina so in ji ta sosai."

Ya Allah ka ji ƙan Bukar, ka haskaka kabarinsa, ka tsare shi daga abin tsoro kamar yadda ya tsaya mana, ka ba iyalinsa haƙuri. Wanda ya karanta wannan, don Allah ya sa shi a addu'a. Mutanen bakin kogi kuma, idan kun ji gajeren kukan nan bayan Juma'a, ku ɗaga hannu ku roƙa masa gafara.