Baba Ɗanjuma, Mai Gyaran Keke Daga Bayan Katanga

Labarin ya same ni da safen nan ina tsakiyar aji. Baba Ɗanjuma mai gyaran keken ɗinki na Kiru ya rasu. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma.

Na ajiye alli na zauna. Ɗalibaina duk sun san sunansa, ko da yake 'yan kaɗan ne suka taɓa ganinsa.

Waɗanda ke bibiyata a nan sun san aikina shi ne koya wa matasa rubuta littafin bayanin na'ura, a makarantar sana'a a Tudun Wada. Na yi kwas-kwas, na tara satifiket. Amma gindin abin a bakin wannan tsoho na samo shi.

A shekarun 1950, yana saurayi, shi ke gyara kekunan hannu na matan aure daga Kiru har Bebeji. Gidajen kuwa ba shiga. Keke na ciki, shi yana zaure. Fito da keken wahala ne, maigida kuma yana gona. Innata na cikin matan. Ta ce yakan ɗaga murya ta bayan katanga: "Juya wancan ɗin!" Ita kuma ta ce, "Wanne, Ɗanjuma? Duk wancan ne."

Da ya gaji, sai ya koma rubutawa. Ajami a sama, boko a ƙasa, ga ɗan zanensa a gefe. Takarda ta shiga inda shi ba ya shiga. Innata ta ce tun daga nan ba ta ƙara mayar wa kowa yadin Sallah ba a ɗinka ba.

Mutum ne mai kyauta. Ban taɓa barin gidansa ba tare da ƙullin gyaɗa ba. Lokacin da na fara koyarwa, shi ya ba ni tsohon kekensa, ya ce, "Yara su kwance shi su ɗaura, Malama. Keken da ake tsoro ba ya koyar da kowa."

Ganinmu na ƙarshe bayan girbi ne. Wata ƙungiyar mata za ta raba kekuna a ƙauyukan Doguwa, inda babu mai gyara ko ɗaya. Aka ba ɗalibata Nafisa aikin rubuta littafin da zai bi kowane keke. Idan littafin bai fahimtu ba, ranar da zare ya fara cukurkuɗewa za a tura keken ƙarƙashin gado, shi ke nan. Nafisa ta san haka, har ta rame. Sai na ɗauke ta muka tafi Kiru.

Idanunsa sun yi rauni, amma bakin yana nan. Yana jin muryarta ya ce, "Malama, amarya kika kawo mini? Ta iya tuwo?"

Nafisa ta ce, "Baba, da wane haƙori za ka ci?"

Ya yi dariya har da tari. Sannan ya sa aka ajiye keke a gabansa a zaure, ya tura ta cikin gida, bayan katanga. Ya ce ta karanta da ƙarfi, shi kuma abin da ya ji kaɗai zai yi.

Ta karanta: "Sai a daidaita zaren."

Ya naɗe hannu. "Na sama ko na ƙasa?"

"Na sama mana, Baba."

"Haka kika rubuta? Matar da ke Doguwa ba ta da ke a bayan katanga."

Ta ci gaba. A wani shafi ta ce kwarkwaro, a na gaba ta kira shi gidan zare. Baba ya shiga lalube a kan keken, wai yana neman na biyun. Ya ce abu ɗaya suna ɗaya, daga bango zuwa bango. Inda ta cusa aiki uku a layi guda, ya yi na farko ya tsaya, ya ce sauran sun zube a hanya.

Wurin canza allura ne ya daina wasa. Ta gama karanta matakan duka, sai a ƙarshe ta ce a tabbata an ɗauke ƙafa daga fedal, wato matakin keken.

Ya ce, "Ai yatsan ya riga ya tafi, amarya. Gargaɗi gaba yake shiga."

Ina jin shesshekarta ta bayan katanga. Na yunƙura zan tashi, ya ce in zauna. Ya kira ta, ya ba ta dabino, ya ce, "Rubutunki ya fi nawa kyau. Saura ki manta kin iya keke."

Ta koma ta sake rubuta littafin gaba ɗaya. Kowane aiki da layinsa da lambarsa, zane kusa da maganarsa, gargaɗi a sama da baƙaƙe masu kauri. Littafin ya bi kekuna ya tafi.

Shekaranjiya wata mata daga wajen Riruwai, can Doguwa, ta turo saƙon murya. Kekenta ya yi ta tsinke zare, ga ɗinkin bikin suna a gabanta. Ta buɗe littafin, ta bi lamba-lamba, keken ya tashi. Ta ce a gaida wadda ta rubuta, kamar tana zaune kusa da ita.

Na ajiye saƙon a waya, na ce ranar Juma'a zan kai wa Baba ya ji da kunnensa. Allah bai nufa ba.

Ɗazu na kunna wa ajin. Nafisa ta saurara har ƙarshe, ta ce in sake.

Ina alfahari da shi, ina alfahari da ita.

Ya Allah Ka gafarta wa Baba Ɗanjuma, Ka haskaka kabarinsa, Ka sa kowane ɗinki da aka ci abinci da shi ta sanadinsa ya zame masa sadaka mai gudana. Ka ba iyalinsa haƙuri. Duk wanda ya karanta wannan, don Allah ya tsaya ya yi masa addu'a kafin ya wuce.